Lasisin Najeriya a Ingila: da otomatik zan yi jarrabawa ko da manuwal?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da zuwana Manchesta, ina aikin jinya. Da lasisin da na yi a Kano nake jan 'yar Toyota Yaris otomatik da muka saya. Motar nan ita ce ƙafata, domin ina tashi daga aikin dare sai na kai yara makaranta. Jiya wata abokiyar aikina 'yar Zimbabwe ta ce ita fom kawai ta cika aka musanya mata lasisinta da na Ingila. Ni ma zan iya? In kuma dole sai jarrabawa, da wace mota? Da manuwal na koya a motar Babanmu, amma rabona da taka kuloci ya fi shekara shida, ga shi nan da hannun hagu ake sa giya. Wallahi abin ya hana ni barci.

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zimbabwe tana cikin ƙasashen da DVLA, hukumar bayar da lasisin tuƙi a nan, ke musanya lasisinsu, kamar Afirka ta Kudu da Kanada. Najeriya ba ta ciki. Namu wata 12 kawai yake aiki daga ranar da kika zama mazauniya, ke nan saura miki huɗu. Yau ɗin nan ki nemi lasisin koyo, fam 34 ne ta intanet. Jarrabawar kwamfuta fam 23, tambaya 50, sai kin ci 43, sannan bidiyon hango haɗari. Ta kan titi fam 62 a ranakun aiki, kuma samun rana shi ne wahalar, ni sai da na jira watanni. In wata 12 suka cika ba ki ci ba, sai da alamar L ta masu koyon tuƙi da wani mai lasisi a gefenki. Kada ki kuskura ki ci gaba ke kaɗai, har inshorarki abin zai taɓa.

Anti Ladi:
Ƙanwata, yi da otomatik. Za a buga miki lamba 78 a bayan katin, ma'ana ba ki da izinin jan manuwal. To sai me? Motar da ke ƙofar gidanki otomatik ce, masu lantarki ma babu mai kuloci. Ni na dage sai manuwal, ranar jarrabawa mota ta mutu mini a bakin shataletale, ga bas a bayana, ƙafata na rawa. Na ruɗe na shiga ban duba dama ba, shi ke nan na faɗi. Na yi kuka sosai a mota ranar. In kin so manuwal daga baya, ta kan titi kawai za ki sake, ban da ta kwamfuta.

Ɗan Zazzau:
Anti, ni na ɗan saɓa miki. Mai manuwal yana jan kowace, kuma tsofaffin manuwal sun fi araha. Amma da wata huɗu a hannu, ban ga laifin shawararki ba. Ko da wacce za ki yi, Hajiya, ki ɗauki malamin tuƙi. Madubi ne ke kayar da mutanenmu, dole mai jarrabawa ya ga kin duba kafin ki sa sigina.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri. Na cika takardar lasisin koyon yanzu kafin in kwanta. Otomatik zan yi. Anti, malamarki tana koyarwa ranar Asabar kuwa?