Shawarwari kan haɗa kundin hotuna a kwamfuta

Abin da masu wannan sha'awa suka fi nanatawa shi ne girman shafi: inci 12 tsawo da faɗi, ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 3600 ta kowane gefe. Idan ya gaza haka, hoton kan fito dishi-dishi a takarda.

Hotunan furanni da kintinkiri na ƙawata shafi a ajiye su a tsarin fayil na PNG, wanda ke iya barin bayansu ba launi, don tsarin JPEG cike bayansu yake da fari. Wajen jera su kuwa an sha bamban, wasu bisa launi, wasu bisa jigo, amma kowa ya yarda kada a goge sunan mai zanen, saboda sharuɗɗan amfani da zanensa.

A nisanta rubutu da bakin shafi, wuƙar maɗaba'a kan cinye shi.