Wane suna za mu ba ƙa'idar BODMAS da Hausa?

Malaman lissafi da masana harshe, ina neman shawararku. Akwai ƙa'idar da ke nuna aikin da za a fara yi idan tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa suka haɗu a layi ɗaya. Ita ce ake koya wa yara da sunan BODMAS, wato haruffan farko na sunayen ayyukan shida da Turanci (baka biyu, ninka lamba da kanta, rabawa, ninkawa, tarawa, ɗebewa), kuma ya kamata a ce muna da suna ɗaya da muka yarda da shi a Hausa.

Ga inda take aiki: 2 + 3 × 4 amsarsa 14 ce, domin ninkawa ake fara yi. Amma (2 + 3) × 4 amsarsa 20 ce. Lambobin ba su canja ba, alamar da ta kewaye 2 + 3 ce ta ce a fara da su.

Ita wannan alama ba ta buƙatar sabon suna. A ƙa'idojin rubutun Hausa "baka biyu" ake ce mata, tana nan tare da aya da waƙafi da ruwa biyu. Mu ɗauko ta kawai mu shigo da ita ajin lissafi. Idan baka biyu suka zo a cikin wasu baka biyu, a fara da na can ciki.

Sunan ƙa'idar ne ke da wuya. Na farko da ke zuwa baki shi ne "jerin ayyuka", ni kuwa ban gamsu da shi ba. Wanda ya ji "jeri" zai ɗauka layi aka yi, kowane aiki na bin bayan wani, su shida. Wannan fahimtar ce ke kayar da ɗalibai. Ku duba 10 − 4 + 3. Yaron da ya haddace cewa tarawa na gaban ɗebewa zai haɗa 4 da 3, ya cire 7 daga 10, ya rubuta 3. Amsar kuwa 9 ce. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, wanda aka fara tararwa daga hagu shi ake yi. Haka ninkawa da rabawa: 24 ÷ 4 × 2 amsarsa 12 ce, ba 3 ba.

Ga hujja ma daga masu gajerun sunayen da kansu. A Ingila da ƙasashen da suka bi tsarinta ana cewa BODMAS, rabawa kafin ninkawa. A Amurka PEMDAS suke cewa, ninkawa kafin rabawa. Da a ce jerin haruffan ne doka, da amsoshinsu sun sha bamban, alhali lissafin ɗaya ne.

Saboda haka nake ba da shawarar "matakan fifiko". Mataki ɗaya na iya ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, abin da muke so yaro ya gane ke nan. Matakan huɗu ne: baka biyu a sama, sai lambar da aka ninka da kanta kamar 3², sai ninkawa da rabawa tare, sai tarawa da ɗebewa tare. "Tsarin lissafi" ma na yi tunaninsa, amma ya yi faɗi da yawa, komai na iya shiga ciki.

Ina roƙo kada mu ƙirƙiro gajeren suna na haruffa irin nasu, domin da matsalarsa zai zo.

Sunan ba zai warware kowace gardama ba. A 2019 an yi ta muhawara a intanet kan 8 ÷ 2(2 + 2), wasu na cewa 16, wasu 1. Laifin na rubutun ne, ana iya karanta shi ta fuska biyu. Mai son 16 ya rubuta (8 ÷ 2) × (2 + 2), mai son 1 ya rubuta 8 ÷ (2 × (2 + 2)), shi ke nan.

Saura mataki na biyu. Ƙaramar lambar nan da ke saman 3² nake so mu sama wa suna. "Ninkin kai" ne ya zo mini, tunda 3² na nufin 3 × 3. Malamai, me kuke ce mata a aji?