Idan motar gida mai jakunkunan iska ta karkata gefe guda

Manyan motocin da ake kwana a cikinsu, irin na Amurka, da yawa suna zaune ne kan jakunkunan roba masu iska, su ke daidaita motar idan an tsaya a wurin da ba shi da lebur. Makanikai da masu irin motar sun fi yin ittifaƙi kan abu ɗaya: kada kowa ya shiga ƙarƙashinta sai an tokare firam da ƙafafun ƙarfe, domin iska na iya fita nan take, motar ta sauko.

Daga nan a tada inji, a bari tankin iska ya cika zuwa wajen 120 psi (ma'aunin matsin iska), a kashe, a saurara. Idan kusurwa ɗaya ce ke sauka cikin dare, a fesa ruwan sabulu a jakar, musamman wurin da robar ke naɗewa, da mahaɗan tiyo. Kumfa zai tona asirin wurin. In tiyo ne, a yanke bakinsa daidai da reza, ba da filaya ba, a sake cusa shi.

Babu kumfa amma tana sauka? Galibi bawul mai aiki da lantarki ne, wanda ke buɗe wa iska hanya da rufe ta, ƙura ko zoben robarsa da ya bushe ya hana shi rufewa. Wasu na cewa a sauya bawul ɗin gaba ɗaya, amma tsaftacewa da sabon zobe kan wadatar.

Idan kuwa a kan hanya take karkata, a duba sandar bawul ɗin da ke daidaita tsayin motar, kusa da gatarin tayoyi. Robarta kan tsinke. Idan ƙaramin kwamfuresan da ke hura iska ne ya ƙi tashi, a fara duba fis da wayar da ke haɗe da firam. Ruwan tanki ma a riƙa zubar da shi.