Likitoci biyu sun saɓa a kan yarona: baifola ce ko ƙiriniya?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 11. Tun bara malamansu ke aiko min: ba ya zama wuri ɗaya, abu kaɗan sai ya harzuƙa ya yi jifa da abin da ke hannunsa, an jima kuma ya fashe da kuka. Likitan farko ya ce baifola ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, har ya rubuta magani. Na biyu ya ce kada a fara tukuna, abin ya fi kama da ciwon rashin natsuwa na yara. Kakarsa kuma ta dage sai an yi masa ruƙiyya. Wallahi kaina ya ɗaure. Babu gwajin jinin da zai raba gardamar nan ne?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen ƙwaƙwalwa. Babu wannan gwajin, ko hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna ta. Labarin da kuka bayar likita ke bi. Baifola zuwa take ta wuce. Mutum ya yi mako guda ko fiye barcinsa bai wuce awa uku ba kuma bai gaji ba, surutu ba tsayawa, yana ganin babu kamarsa, daga baya ya dawo yadda aka san shi, ko ya faɗa damuwa. Yaron da kullum haka yake tun yana ƙarami, wannan wata magana ce daban. Kuma baifola ta fi bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai.

A Amurka, daga 1994 zuwa 2003 yawan laƙaba wa yara wannan ciwo ya ninka kusan sau 40, har a 2013 likitocinsu suka ware wa yara masu yawan harzuƙa suna na daban. Maganin ba abin wasa ba ne: lithium sai ana duba jini da ƙoda. Ki nemi likitan ƙwaƙwalwa na yara.

Anti Balki mai ɗinki:
Ni nawa akasin haka ne, 'yar uwa. Shekaru ana ba ni maganin damuwa, don sai na kwanta ba ci ba wanka ake kai ni asibiti. Lokacin da nake kwana kan keke ina ɗinki har asuba, ina ɗibar atamfofi bashi ina rabarwa, wa zai ce ciwo ne? Ni kaina daɗinsa nake ji. Sai da yayata ta raka ni ta ba likita wannan labarin aka gane baifola ce. Ki sayi ƙaramin littafi, kullum ki rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, me ya tunzura shi. Addu'ar kaka a bar ta, ba ta hana zuwa asibiti.

Maman Hanif:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Barci kam yana yi sosai, da ƙyar ma nake tashinsa makaranta. Malam Abu Sumayya, ƙanin babansu ya taɓa irin abin da Anti Balki ta faɗa. Shi ma in gaya wa likitan?

Abu Sumayya:
Ƙwarai, kada ki ɓoye. Tana bin dangi, kuma likita zai so ya sani.