Idanun 'yan tsakina na kumfa, suna atishawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. 'Yan tsakina masu sati 5 sun fara atishawa, wasu idonsu na kumfa, ɗaya ma kwantsa ta liƙe masa ido. Da dare ina jin ƙirjinsu na kurkur. Suna ci amma ba kamar da ba, babu wanda ya mutu. Wane magani zan ba su?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin magani, ki tsuguna daidai tsayin kajin ki shaƙi iskar ɗakin. In warin kashinsu ya sa miki hawaye, iskar amoniya ce da ke tashi daga kashin, ita kaɗai tana iya jawo ciwon ido. Ki canza shimfiɗar, ki buɗe tagogi.

Amsa ta 2: Allah ya ba su lafiya. Ki ɗauki guda ki sunsuna hancinsa. Cutar koriza, wata irin murar kaji, tana da ɗoyi, tana kumbura fuska a ƙasan ido, kuma cikin kwana biyu zuwa uku sai ta game ɗaki, sai dai ta fi kama waɗanda suka tasa. Kumfa a ido da wannan ƙarar numfashin, ciwo na bin su a hankali ba mutuwa, ya fi kama da cutar ƙwayar maikoplazma, wadda muke cewa CRD, wato ciwon numfashi mai daɗewa. Tun daga ƙwai ake iya gadonta. Don Allah kada ki ba su amoksisilin, ba ya taɓa ta, domin ƙwayar ba ta da bangon da maganin ke fasawa. Tailosin ko oksitetarasaikilin aka fi ba su, amma likitan dabbobi ya gani tukuna ya faɗa miki adadi. In wani ya mutu, kai masa gawar da wuri. Idan ya buɗe ya tarar jakunkunan iska sun dushe, da farin abu daskararre a kan hanta ko zuciya, to ƙwayar bakteriyar E. coli ta shigo ciki, maganin ma sai ya canza.

Amsa ta 3: Hajiya, an yi musu Lasota, rigakafin cutar Niyukasul, kuwa? In kika ga koren zawo, wuya na murɗewa, ana mutuwa da yawa, Niyukasul ce, bairos ce, maganin bakteriya ba ya yi mata komai. Ki ware marasa lafiyar yau, ki goge musu ido da ruwan gishiri mai ɗumi. In CRD ce ko koriza, ko sun warke suna ɗauke da cutar, kada ki haɗa su da sabbin tsaki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. An yi Lasota, hancin ba ya ɗoyi, amma shimfiɗar ta jiƙe a gindin mazubin ruwa. Na kwashe ta, gobe zan kai biyu wurin likita in sha Allah.