Motata tana shan mai fiye da kima a lokacin sanyi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar mota. Tun da sanyi ya tsananta, fetur ɗin da motata take sha ya ƙaru sosai, musamman a gajerun tafiye-tafiye. Na ƙara wa tayoyi iska, domin sanyi yana rage ta, na kuma daina barin injin yana aiki a tsaye da safe, amma babu wani sauyi. Abin da ya fi damuna shi ne allurar zafin injin ba ta kaiwa tsakiya ko bayan doguwar tafiya. Shin na'urar daidaita zafin injin ce ta maƙale a buɗe, ko kuwa baƙin mai mai lambar kauri 10W-40 da nake zuba wa injin ne ya yi kauri da yawa?