Waɗanda suka taɓa koyar da zane a ƙasar waje, ku ba ni labari

Malamin fenti, Samaru

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata takwas ina koyar da fenti a nan Zariya. Yanzu wata kwaleji a Amurka ta gayyace ni in riƙe mata ajin situdiyo na shekara guda, da wani kwas na tarihin zanen Afirka a kai. Abokan aiki na cewa in tafi, Inna kuma na cewa wa zai riƙa kai ta asibiti. Ba ƙasida nake nema ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai a wata ƙasa da buroshi a hannu, don Allah ya faɗa mini abin da ya tarar.

Baba mai ritaya, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ɗana. Hanyar nan ba kai ne farau ba. Dele Jegede a nan ya gama a 1973, ya yi digirin digirgir a Indiyana, ya shekara da shekaru yana koyarwa a can, yana fenti yana rubutun tarihi. Obiora Udechukwu ma a Zariya ya fara, rikicin 1966 ya mayar da shi Nsukka, daga baya ya koyar a Jami'ar St. Lawrence da ke jihar Niyok.

Ni shekara huɗu na yi, kuma kunyar da na sha a makona na biyu har yau ban manta ba. Na shiga aji da ƙarfina, domin labarin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a Zariya a 1958 a ka na haddace shi: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, da kiran da suka yi na a haɗa dabarar Turai da abin gida. Ina cikin zuba sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta nuno mini hoton cikin tsohon Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ta ce yaya aka yi bakan gizon nan na ƙasa ya ɗauki rufi haka bai rufta ba? Wallahi gumi ya keto mini ana tsakiyar sanyi. Masallacin da na yi salla a cikinsa ban san adadi ba! Na san akwai azara a cikin ginin, amma yadda ake jera ta ɗaya bisa ɗaya har baka ya haɗu, ban taɓa tsayawa na tambayi magini ba. Ƙarshe a ɗakin karatunsu na zauna ina karanta abin da Turawa suka rubuta a kan garinmu.

Saboda haka kafin ka nemi biza, shiga birni da littafi da kyamara. Zauna da masu ɗinkin babbar riga su nuna maka yadda ake zana aska takwas kafin allura ta hau. Tambayi magina yadda ake haɗa makuba. Shi za su tambaye ka, ba fentin mai ba, wannan suna da malamansa rututu.

Hajiya mai rini, Kongo

Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa, amma akwai ɗaya gefen. In ka yi sake, a wannan akwatin za su rufe ka. Ni zanen yadi na zamani na je koyarwa, sai ya zama duk taron da za a yi ni ce mai zuwa da baba da zare ina ɗaure ƙyalle ana ɗaukar hoto. Aikina na gaske ba wanda ya nemi gani sai da na dage.

Ƙanena, takardar ɗaukar aikin za ka karanta da idon basira. Akwai malami na dindindin, wanda ake gwada shi kamar shekara shida kafin a tabbatar da shi. Akwai baƙon malami na shekara ɗaya, mai albashi cikakke. Akwai kuma na wucin gadi da ake biya kwas-kwas, sau da yawa ba inshorar lafiya, in an tafi dogon hutu kuma ba sisi. A na ukun na faɗa ban sani ba, kuɗin haya ya cinye rabin abin da ake ba ni. Ka tambaye su a rubuce: za a ba ka ɗakin yin aikinka? Wa zai sayi kayan aiki? Na dawo bayan shekara biyu ba tare da na gama ko yadi biyar nawa na kaina ba.

Abu ɗaya da zai yi maka daɗi: a can digirin MFA, wato digiri na biyu a aikin zane, shi ne ƙololuwa ga malamin situdiyo, ba a matsa masa sai ya yi dakta kamar yadda ake yi mana a nan. Hotunan aikinka da na ɗalibanka suke dubawa. Fara ɗaukar aikin yaranka tun yau, da haske mai kyau.

Maginin tukwane, Sabon Gari

Duk kun karkata Amurka, kamar waje nan kaɗai ne. Ni shirin nan na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan, wanda aka kafa a 1987, shi ya kai ni wata kwalejin malamai a gabashin Afirka, shekara biyu. Na tarar da murhun gasa tukwane na lantarki ya mutu tun tuni, kaji na ƙwai a ciki. Muka haƙo yumɓu a bakin rafi ni da ɗalibai, muka gina na itace da bulo. Gashin farko rabi ya fashe, na biyu ya yi kyau. Da na ciro naira ashirin na nuna musu Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan, a bayanta, na ce wannan ba ta yi boko ba amma jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ajin ya yi tsit. Ban tara kuɗi ba, amma ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar lokacin ba.

Ƙaninku a Ingila

Yaya, abu biyu da ba a faɗa ba. Na ɗaya, ajin zanen jikin mutum: tsirara mai tsayawar ke tsayawa. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun kafin a fitar da jadawali. Ni na faɗa, aka musanya mini da wani aji, ba wanda ya ɗaga mini gira. Na biyu, ɗalibai za su kira sunanka gatsal, ba Malam ba komai, kuma in an kafe aiki a bango ana tsefe shi, za su yi maka musu ido da ido. Watan farko na ɗauka raini ne.

Malamin fenti, Samaru

Allah ya saka da alheri. Hajiya, na koma na duba takardar, baƙon malami ne mai albashi, amma ba maganar ɗakin aiki, na aika musu tambaya ɗazu. Batun Inna kuwa, ƙanwata ta ce za ta dawo gidan, sai dai Innar ba ta ce komai ba tukuna. Baba, ni ma da yarinyar nan ta tambaye ni, gumin zan yi. Ta ina zan fara?

Baba mai ritaya, Tudun Wada

Same ni a Ƙofar Doka ranar Asabar bayan la'asar. Akwai wani dattijon magini da na sani, kunnensa ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya. Ka taho masa da goro.